Albashin da ke Mutuwa da Mai Shi

6 ga Fabrairu

Yaya Tartsatsi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya kunne? Sau uku na kira ka makon jiya, kana ta “Wa ke magana? Wa ke magana?” har kuɗin wayata suka ƙare. Shi ya sa na koma takarda. Zan riƙa ba Dogo direba, tunda duk Talata yana tasowa daga wajenku, ya koma ran Juma'a.

Mu lafiya lau. Auta ma da sauƙi, sau ɗaya ciwon ya kayar da ita a watan nan. Ta cika talatin da ɗaya, amma ka san ta, har yanzu ni ke sa mata maɓallin riga, kuma har gobe tana cigiyar kawun nan da ya ƙera mata lilo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ƙarshen wata mai zuwa zan ajiye alli, shekara talatin da biyar ke nan ina koyarwa. Ofishin fansho sun ce hanya biyu ce. Ko in bar kuɗina a wurinsu in riƙa tsakura har su ƙare, in na mutu da saura a ba magada. Ko kuma in miƙa su dunƙule ga kamfanin inshora, su riƙa biya na albashi duk wata har ranar da zan bar duniya. Wakilin kamfanin ya zo ɗakin malamai da fom mai akwati uku, ya yi ta zuba, na fito kaina na juyawa.

A duk dangi kai kaɗai ka taɓa shiga wannan tsari. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, ba ni da wani yaya namiji da ya wuce ka. Ka sha yi mini gorin ban taɓa neman shawararka ba. To yau ga ni. Tunanina duk a kan 'yata Auta yake: in ba ni, da me za a riƙe ta?

Ƙanwarka,
Malama

10 ga Fabrairu

Mai Tabarau,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, Antinki na gaida ki, ki shafa mini kan Auta. Kunnena garau yake, wayarki ce ta arha.

Sau biyu na karanta takardarki, sannan na ajiye ta na yi dariya. Yau ga mai takardun shaida cike da bango tana neman shawarar wanda ya gudu daga aji uku na sakandare! Da kakanninmu na da rai da sun sha kallo. Amma kin zo inda ya dace.

Kin san ni. Da injin walda guda na haya na fara, a gindin bangon wani, ruwa ya dake ni rana ta dake ni. Ranar da na sayar da shagon, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mutum tara ke cin abinci a ƙarƙashina, kuma babu layin da za ki bi a garin nan ba ki ga ƙofata ko tagata ba. Ban gaji ko allura ba. Ban taɓa yi wa wani aiki a ƙarƙashinsa ba, ban taɓa miƙa hannu ba. To da na tashi hutawa sai na ce ba zan zauna ina sauraron takun ɗa ko suruki ba, ko ya kawo ko bai kawo ba. Na kwashi kuɗin shagon kaf na dire wa kamfanin inshora. Tun daga ranar, ashirin da biyar ga wata ba ta taɓa wucewa ban ji kuɗi sun shigo ba. Gwamnati ma ba ta kai su cika alkawari ba.

Akwatunan nan uku kada su ruɗa ki. Na ɗaya shi ne mai tsoka, albashi babba, in kin mutu ya tsaya. Na biyu sun rage miki kusan sulusi, wai don in kin mutu su ci gaba da ba wanda kika rubuta sunansa. Na uku kuma ki fara da ɗan mitsitsi, wai yana ƙaruwa duk shekara. Na biyu da na uku na matsorata ne. Don me za ki bar wa kamfani sulusinki ya riƙe miki kamar ba ki da hannu? Ki ɗauki na ɗaya, ki karɓi kuɗinki cif, ke da kanki ki cire sulusin nan duk wata ki ajiye wa Auta. Haka nake yi wa Antinki tun watan farko. Yau in na faɗi, abin da na tara mata ya ishe ta har ta yi kyauta.

Hanyar tsakura kuwa, ki bar ta. Mu danginmu ba ma mutuwa da wuri, kakarki sai da ta ga tattaɓa-kunne. Kina da shekara tamanin a ce miki kuɗi sun ƙare, sai ki yi yaya?

Kuma kada ki raba kuɗin biyu, rabi nan rabi can. Ƙarfe in an yanka shi gutsi-gutsi ba ya ɗaukar nauyi. Ki sa hannu ki huta, ki ce yayanki ya gaya miki.

Naki,
Tartsatsi

24 ga Fabrairu

Mai Tabarau,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ɗan jiri da nake ji in na miƙe, ba wani abu ba ne.

Game da maganar nan, na ce ba, kada ki yi gaggawa. Ki sake zama da wakilin ki tambaye shi da kyau. Abin nan yana son mai ƙarfin zuciya, kuma zamani ya ɗan canza, ba kamar lokacin da na shiga ba. In kin ga ba za ki iya ba, ba laifi.

Dogo na jira, sai wani jiƙon.

Tartsatsi

6 ga Maris

Yaya,

Na samu takardunka duka biyu. Ka je a duba jirin nan, kada ka tsaya taurin kai. Auta na nan lafiya, ta sa in faɗa maka igiyar lilonta ta tsinke amma ƙarfen ko tsatsa bai yi ba.

Ta biyun ta ba ni dariya. “In kin ga ba za ki iya ba.” Ai na gane ka! Haka ka ce mini muna yara ranar da ka hau katanga ka bar ni a ƙasa, kuma ka tuna na hau, har na riga ka dira. Wato kai ne mai ƙarfin zuciya, mu malaman makaranta sai kirga canji ko? To albishirinka: jiya na sa hannu. Akwati na ɗaya, kuɗin duka, ko ƙwandala ban bari ba.

Wakilin ya ɗan tsaya da ya ga na yi maki a na ɗaya. Ya ce, “Mama, ba kin ce kina da 'yar da ba ta da lafiya ba?” Na ce masa, “Ɗana, ina da yaya wanda ya shekara goma sha ɗaya a cikin abin nan, ya san shi fiye da kai.” Ya buga hatimi. Ya ce doka ta ba ni kwana talatin in na canza ra'ayi, daga huɗu ga Afrilu kuwa ƙofa ta rufe har abada. Na ce ba sai an kai can ba.

Na riga na buɗe wa Auta asusu na sulusin nan. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na jiya har na manta. Allah Ya saka maka, Yaya.

Malama

9 ga Maris

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Lafiyar jiki da sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki bari Auta ta ga fuskarki.

Ƙarya na yi miki. Ban ajiye wa Antinki komai ba. Shekara ukun farko na ajiye, gaskiya ne, daga nan na fara taɓawa, shekara ta shida ta same ni babu ko sisi a ciki.

Bari in auna miki da abin da na sani. Ranar da na sa hannu, albashina na wata yana sayen ƙofar ƙarfe uku, masu kauri, da fentinsu. Yau ba ya sayen taga ɗaya. Kuɗin ba su ragu ba, ko ƙwandala ba su taɓa cire mini ba, suna zuwa ran ashirin da biyar kamar yadda na gaya miki. Duniya ce ta tafi ta bar su a tsaye. Kafin goma ga wata sun ƙare. Motata da na ce muku na gaji da tuƙi, sayar da ita na yi muka ci. Agogon nan nawa mai ruwan zinariya ba ɓata ya yi ba. Dā na yi wa akwati na uku dariya, yau da shi na ɗauka da na fi haka mutunci.

Shagon da na sayar kuwa, Gajere da ya saya, wanda ni na koya masa riƙe sandar walda, ya ƙara injina biyu ya ɗora bene. Filin kaɗai yau ya ninka abin da ya ba ni ban san sau nawa ba. Ina canza hanya don kada in bi ta gabansa.

Akwai wani abu da wakili ba ya faɗa da ƙarfi. Duk shekara sai na je ofishinsu na nuna ina da rai. Mu yi layi a kan benci, tsofaffi, kowa da katinsa a hannu. Bara wata yarinya sa'ar jikata ta leƙo ta taga tana ɗaga murya, “Baba, ɗago kai! Baba, kalli nan! Kai, wannan ba ya ji ne?” Aka yi dariya. Ƙofar ofishin nan da take zaune a ciki ni na ƙera ta da hannuna, har yanzu alamata na jikin ƙyauren daga ƙasa. Na ɗago kai aka ɗauki hoto.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne, ranar da na mutu albashin ya mutu. Antinki ta yi shekara arba'in da huɗu a gidana, na ba ta shekara goma sha biyu a haihuwa, kuma ba ta san akwai akwati na biyu a duniya ba. Tana zaton akwai ajiya. Na hana a rubuta sunanta ne don kada a rage mini abin da zan riƙa faɗa a majalisa.

Kin tambaye ni abu ɗaya a rayuwarki. Shekara sittin ina jiran ranar da mai tabarau za ta ce Yaya koya mini. Da ranar ta zo, na kasa cewa na yi kuskure.

Ki tashi gobe ki je ki janye. Ki ɗauki na biyu da sunan Auta, ko ki raba kuɗin. Kina da lokaci.

Yayanki

Ƙari, 7 ga Afrilu. Takardar nan wata guda ke nan tana aljihuna, duk ta yi laushi. Talatar farko na je tasha, Dogo ya tarbe ni a gaban mutane yana “Ga manya, masu albashin har abada!” Na gaisa da shi na dawo da ita. Ta biyu na ce bari in sake rubutawa da lafazi mai sauƙi, ban rubuta ba. Ta uku ban ma fita ba. Ta huɗu na yi sammako na je da niyya, aka ce motarsa na gareji, ba zai tafi ba. Na tsaya a tashar nan na san saura kwana uku. Da a ce na koma gida na sa Antinki ta buga miki waya, da minti biyu ya isa. Amma dole sai na faɗa mata abin da za ta faɗa miki, shi na kasa. Na zauna a ƙofar gida har kwanakin suka wuce. Ga ta nan, ko da za su duba miki.

10 ga Afrilu

Yaya,

Takardarka ta iso shekaranjiya da yamma. Muna lafiya.

Jiya na riga mai shara isa ofishinsu. Wakilin ya ba ni kujera, ya kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Mama, da Juma'ar da ta wuce kika zo, da hannuna zan yaga fom ɗin.” Na ce a kai ni wurin babbansu. Aka kai ni. Ta ce, “Hajiya, wallahi ba ni da iko, kuɗin sun riga sun shiga.” Na ce mata 'yata ba ta iya tsallaka titi ita kaɗai. Ta sunkuyar da kai.

Ba su cuce ni ba, Yaya. Komai na rubuce a takardar, na karanta shi da tabarau a idona. Shekara talatin da biyar ina gaya wa yara su yarda da abin da suka karanta, ba abin da aka gaya musu ba. Ni na yarda da kai.

Ƙaryar farko zan iya haɗiye ta, na san halinka tun muna cin abinci a kwano ɗaya. Talata huɗun nan ne suka tsaya mini a wuya.

Kada ka rubuto yanzu.

Malama

16 ga Yuni

Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Auta. Kin ce kada in rubuto, na yi wata biyu ina bin umarni. Duk Juma'a ina zuwa tasha, Dogo ya girgiza mini kai tun daga nesa.

Na je asibiti. Jini ne ya hau, sun ba ni ƙwayoyi. Sun kuma sa mini abin ji a kunne, yanzu har kukan ƙofar maƙwabta nake ji, kuma ba aikina ba ce, tawa ba ta kuka.

Na gaya wa Antinki komai. Tana tsintar shinkafa na faɗa mata, ba ta ɗago ba har na gama. Kwana biyar ba ta ce mini uffan ba. A na shida ta dire mini abinci babu gishiri, babu mai, ga ƙwaya biyu a gefen faranti. Na ce, “Wannan fa?” Ta ce, “Tunda kai ne albashin, ai sai a riƙa kula da kai kamar inji. Haɗiye.” Yanzu da asuba take tasa ni gaba mu zaga unguwa sau biyu, tana bayana tana cewa, “Ɗaga ƙafa, ranka ya daɗe, kuma da gaske nake, ya daɗe ɗin.” Ba ta yi kuka a gabana ba. Na fi son da ta yi.

Sai abu na biyu. Na je wurin Gajere. Na tsaya a bakin shagon da na gina na ce ina neman aiki. Ya ɗauka wasa ne, ya ce, “Haba Maigida, ka zo duba mu dai.” Na ce, “Aiki na ce. Kai ne maigida yanzu.” Hannuna yana rawa, ba na iya dogon ɗinki a ƙarfe, amma idona na nan. Ni ke awo, ni ke duba ƙofa kafin ta fita. Ran Asabar in shiga layi a biya ni tare da sauran.

Abin da ke cikin ambulan ɗin nan na sati shida ne. Ki sa a asusun Auta. Haka zan riƙa yi muddin ina iya tsayuwa. Na san bai kai ko ƙurar abin da na jawo ba.

Yayanki

3 ga Yuli

Yaya Tartsatsi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka gaida Anti, ka ce mata ta ƙara zagaye ɗaya saboda ni.

Ga kuɗinka nan na mayar. Ba fushi ba ne, ko in ce ba fushi kaɗai ba ne. Na Anti ne, ita ka fara ci wa haƙƙi. Ni albashina yana isarmu a yanzu, ina cire sulusin, kuma na ɗauki yara huɗu ina koya musu lissafi da yamma. Na san abin da shekara goma za ta yi wa kuɗin, ka riga ka auna mini da ƙofa da taga.

Na daɗe ina tunani. Akwati na biyun nan, sunan mutum ake rubutawa a ciki. Tunda takarda ta rufe, sai in nemi inda zan rubuta sunan Auta a cikin mutane. Hutun nan zan kawo ta ta yi sati biyu a gidanku. Ina so ta saba da Anti, ta saba da babbar 'yarka, ta san ɗakin da za ta kwana da inda ake ajiye kofi. Ba ta son baƙon wuri, sai an yi ta kawo ta tun ina nan. Wannan nake nema a wurinka. Kada ka amsa da baki mai daɗi, ka tambaye su tukuna.

Wani abu kuma. Malamai uku za su yi ritaya bana, wakilin ya dawo da fom ɗinsa. Na karanta musu takardarka ta tara ga Maris a ɗakin malamai, ban faɗi mai ita ba. Ɗaya ta ɗauki na biyu da sunan mijinta. Ɗaya ya raba kuɗinsa. Na ukun ba shi da kowa a wuyansa, ya ce shi tsoronsa ya daɗe kuɗi su ƙare, ya ɗauki na uku, kuma ban ga laifinsa ba. Sun tambaye ni wane ne wannan mai ilimi haka.

Ka sha maganinka. Ni da kai yanzu sana'armu ɗaya, kada mu mutu.

Mai Tabarau

7 ga Yuli

Ƙanwata,

Lafiya lau muke, jini ya ɗan sauka.

Na tambaye su kamar yadda kika ce. Babbar 'yata ta ce sai ta shawarci mijinta, jiya ta dawo ta ce to. Antinki kuwa tashi ta yi ta fara kwashe kaya daga ɗakin da ke kusa da nata. Ta ce in cire sakatar ciki, kada ciwon ya kayar da yarinya a kasa shiga. Na cire da safen nan.

Na roƙi Gajere ragowar bututu, ina haɗa lilo a tsakar gida. Ɗinkin ya karkace, hannun ba na dā ba ne, sai da na ce ya bi mini ta kai. Amma zai ɗauke ta.

Malaman nan da suka tambaya, ki gaya musu ba mai ilimi ba ne. Ki ce yayanki ne, mai walda, ɗan aji uku. In za ki sake karanta wa wasu, kada ki tsaya a inda na sa hannu. Ki karanta har da ƙarin da ke ƙasa.

Wace Juma'a za ku taso? Zan jira ku a tasha.

Yayanki,
Tartsatsi